Farar riga, baƙar fuska da zafin rana: yadda na haɗa kayan hotona a Birnin Kebbi

Abin da ya kai ni ga neman kyamara tun farko ba wani abu ba ne illa farar riga. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto wurin ɗaurin aure ko ranar hawan Sallah a garin nan ya san abin da nake nufi, dattijo ya sha farar shadda da aiki har ciki, rana ta take tsaka, hula ko rawani ya yi ma fuska inuwa, ka ɗaga waya ka danna sai ɗayan biyu ya faru, ko dai rigar ta ƙone ta zama fari fat babu aiki babu komai, ko kuma rigar ta fito amma fuskar ta yi duhu har ba ka gane ko waye. Wayata Tecno ce kuma a jikin kwalinta an rubuta megafiksel 50, to ni a lokacin abin ya ɗaure mani kai, ya za a yi hamsin guda ta kasa ɗaukar mutum ɗaya da rigarshi.

Amsar na same ta wurin wani mai situdiyo a unguwarmu, dattijo ne tun zamanin fim yake sana'ar, lokacin da ake kai hoto wanki sai an jira kwanaki. Na ce mishi Baba ina son in koyi abin nan amma ba don sana'a ba, sha'awa ce kawai. Ya ce "to ɗana, fara cire lissafin megafiksel ɗin nan daga kanka." Ya cire lensin kyamararshi ya ɗaga madubin ya nuna mani sensa, wato ɗan allon da haske ke sauka a kai, ya ce faɗin wannan shi ne magana. Na irin kyamarar Canon da ake ce ma APS-C wajen milimita 22 ne a tsawo, faɗi wajen 15, na waya kuwa ɗan mitsitsi ne ƙwarai in ka haɗa su, don haka hasken da babba ke kwasa ƙaramin ba ya iya kwasarshi ko an rubuta mishi megafiksel ɗari da takwas.

Daga nan na shiga neman wadda zan saya, kuma gaskiya nan ne na fi daɗewa. Sabuwa dai tun farko na cire ta a lissafi, irin marasa madubi da ake yayi yanzu kuɗinsu ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba ga dala ta hau, sai na tsaya kan ta hannu. Guda biyu sunka rage mani, Nikon D3200 da Canon 600D. Ta Nikon ɗin ta fito 2012 tana da megafiksel 24, ta Canon ta fito 2011 tana da 18, kuma in za a faɗi gaskiya sensar Nikon ɗin ta fi, musamman wurin jawo haske daga inuwa. Amma na ɗauki Canon saboda dalilai na zaman gari. Kusan duk masu hoton da na sani nan Birnin Kebbi da Jega Canon gare su, in batir ɗina ya mutu ko ina son aron lensi akwai inda zan je. Sannan D3200 ba ta da motar fokas a jikinta, wato abin da ke saita lensi hoto ya fito tas, in ka sayi tsohon lensin Nikon mai arha irin AF-D sai dai ka riƙa murɗawa da hannu, ita kuwa Canon duk lensin EF da ka ɗora mata zai yi fokas da kanshi. Ga kuma allon 600D yana juyawa, kana iya ɗaga ta sama da kawunan jama'a kana ganin abin da kake ɗauka, wanda a cunkoson ƙofar fada ba ƙaramin abu ba ne.

Kano na je sayenta don a nan ne zaɓi ya fi yawa, kuma na tafi da memori ɗina da laftof na aro. Baban nan mai situdiyo shi ya karanta mani abin da zan duba, ni kuma na bi ɗaya bayan ɗaya ban ji kunyar mai shago ba ko da ya fara ƙosawa. Na cire lensi na haska tocilan waya ta cikinshi ina neman fumfuna, don kayan da sunka zo daga wurin damshi irin Legas suna yin ta, za ka ga wani zare-zare fari a jikin gilashin ta ciki, in ka gan shi ka aje kawai. Na rufe ƙofar hasken lensi zuwa f/22, wato ta tsuke sosai, na ɗauki farin bango, na buɗe hoton a laftof na ƙara girma don ganin ɗigon ƙura da ke kan sensa, ƙura ana sharewa amma karce ba ya sharuwa. Sai lissafin shota, ɗan labulen da ke buɗewa haske ya sauka kan sensa, wato sau nawa aka taɓa danna ta tun da aka ƙera, don shota tana da iyakar rai. Ita 600D ba ta nuna wannan a cikin menu, sai an jona ta da kwamfuta da wata manhaja, Nikon kuwa a cikin bayanan kowane hoto take rubuta shi. Mai shagon ya ce "Alhaji wannan ai kamar sabuwa ce", na ce na yarda amma bari dai mu gani da ido. Ta farko da munka jona lissafinta ya yi yawa ga robar mariƙin duk ta saki, ta biyu ce na ɗauka.

Lensin da ta zo da shi 18-55 ne, wanda kowa ke rainawa amma da rana yana aiki lafiya lau. Ragowar kuɗin ban ƙara su a jikin kyamara ba, na sayi 50mm f/1.8, kuma wallahi shi ne abin da na fi jin daɗin saye a duk harkar nan. Ba ya zum, ƙafarka ce zum ɗin, amma ƙofarshi tana buɗewa sosai, cikin zaure ko bayan magariba yana shan haske, ga bayan mutum ya narke ya yi dishi-dishi fuska ta fito ita kaɗai. Sai dai a san cewa a kan irin wannan kyamarar ana ninka lambar da 1.6, wato 50 ɗin nan yana aiki kamar 80, a ƙaramin ɗaki sai ka ga ka manne da bango ba ka kwashe mutum uku ba. Daga baya da na tara wani abu na ƙara 55-250 saboda dawaki da bakin gulbi. Batir na biyu dole ne, LP-E8 take ci, da halin wutarmu ba ka fita da guda ɗaya. Memori kuma a yi hattara, akwai na jabu cike da kasuwa wanda an rubuta giga 64 amma cikinshi bai kai ba, yana cika sai ya fara cinye hotunan baya. Ni ina sayen giga 32 guda biyu maimakon babba guda ɗaya, kuma kafin in yarda da shi sai na cika shi taf da fayil a kwamfuta na sake buɗe su na ga duk suna nan.

To na dawo gida da kaya, na fita ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na ɗauki hoton kawu da farar rigarshi, hoton ya fi na waya nesa amma matsalar ba ta tafi duka ba, kafaɗar rigar inda rana ta buga ta ƙone. A nan ne maganar nau'in fayil ta shigo, kuma ita ce ainihin abin da nake son wanda zai fara ya gane, don ta fi zaɓen kyamara tasiri a irin haskenmu.

In ka shiga menu wurin ingancin hoto za ka ga L da M da S, waɗannan duk JPEG ne, sai kuma RAW. JPEG tun 1992 anka fito da tsarinshi kuma babu na'urar da ba ta buɗe shi. Abin da ke faruwa shi ne kana dannawa kyamara ta ɗauki abin da sensa ta gani, ta yanke hukuncin kala da haske da kaifi da kanta, ta matse shi, ta zubar da ragowar. RAW kuwa shi ne abin da sensar ta gani kafin a taɓa shi. Mu da muke ƙasar shinkafa, JPEG dafa-duka ce an riga an sa gishiri da mai an sauke, RAW ɗanyar shinkafa ce a buhu kai za ka dafa yadda kake so. A lissafi JPEG yana riƙe matakin haske 256 ne a kowace kala daga baƙi zuwa fari, RAW ɗin 600D yana riƙe 16,384. Wannan tazarar ita ce wurin da aikin rigar kawu yake ɓoye, a JPEG an riga an ce mishi fari an wuce, a RAW sau da yawa yana nan sai ka jawo shi.

Kowane kamfani da sunan nashi, na tsofaffin Canon CR2, sababbinsu CR3, na Nikon NEF, na Sony ARW, sai DNG da Adobe ta fito da shi 2004 don a samu na gama-gari, shi ne ma wasu wayoyi ke bayarwa in ka shiga wurin ƙwararru a kyamararsu. Duba wayarka, mai yiwuwa tana da shi ba ka sani ba, kuma manhajar waya mai suna Snapseed tana buɗe DNG kyauta.

Yadda nake yi yanzu in zan ɗauki mai fararen kaya da rana, ina sa RAW, ISO 100, wato ƙarfin jin hasken sensa a ƙasa, in rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki ko mataki ɗaya cur, in ɗauka, in danna maɓallin INFO har histogiram ya fito, wato zanen da ke nuna yawan haske da duhun hoto. Duk inda ya ƙone zai riƙa ƙyaftawa baƙi-baƙi a ɗan hoton, in rigar na ƙyaftawa sai in ƙara ragewa. A allon kyamara fuskar za ta yi duhu, wanda na ɗauka in ya leƙa ba zai ji daɗi ba, nakan ce mishi Yaya ka bari sai na gyara. A kwamfuta nake ɗaga inuwar fuska in sauke farin riga, sai ka ga zaren aikin ya fito ɗaya-ɗaya ga fuska da kalarta ta gaskiya, ba wadda anka ɗashe ba. Wannan maganar ɗashewa tana damuna ƙwarai, masu gyaran hoto da yawa sai su mai da baƙin mutum fari sol wai shi ne kyau, a rataya hoton tsoho a falo jikokinshi su tashi ba su san kalar kakansu ba. Ni ba na yin haka ko an roƙe ni, iyakata in haska fuska yadda ido ya gan ta a wurin.

Amma kar a ɗauka RAW maganin komai ne. Abin da ya ƙone ƙurmus ya tafi, babu fayil ɗin da zai dawo da shi, kuma tsohuwar sensar Canon in ka matsa ma inuwa da yawa sai yashi-yashi ya fito da wasu layuka marasa kyau. Shi ya sa in da hali nake jan mutum zuwa inuwar darbejiya ko bakin zaure, ko in jira bayan la'asar lokacin da rana ta yi sanyi. Hoton da fokas ya kuɓuce ma ko hannu ya girgiza shi ma RAW ba ta da abin da za ta yi mishi.

Inda RAW ta ƙara yi mani rana shi ne lokacin hunturu. Hazo in ya sauka komai sai ya koma toka-toka da ɗan ja, fadamar shinkafa da idonka ke gani shar sai ta fito a kwance babu rai. A RAW daidaita fari, wato saitin da ke sa farin abu ya fito fari ba ja ko shuɗi ba, ba a riga an kulle shi ba, kana zaune za ka gyara shi ba tare da hoton ya lalace ba, ka ƙara ma baƙi nauyi hazon ya ja baya. Haka cikin ɗakin taro mai fitilu kala-kala, wani fari wani ruwan ɗorawa. Kuma tunda an zo maganar hazo, ba a canza lensi a fili lokacin buji, ƙurar nan kai tsaye kan sensa take sauka, ni cikin mota ko cikin ɗaki nake canzawa da bakin kyamara yana kallon ƙasa, kuma ina da ɗan abin hura iska na roba, ba a hurawa da baki ba a gogewa da gefen riga. Zafin Afrilu kuma kar a bar ta cikin mota a rufe.

Akwai wurin da na koma JPEG da gangan, shi ne Argungu. Bikin kamun kifi da anka faro tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, in kana bakin gulbin Matan Fada lokacin da anka ba da izini dubban masunta sunka ruga ruwa da goruna da homa, abin duk cikin ƙiftawar ido ne. 600D tana ɗaukar hoto kusan 4 a daƙiƙa, amma da RAW wajen guda 6 kawai take jerawa sai ta tsaya tana rubutawa cikin memori, kana danna tana ƙi, ga mutum ya ɗago giwan ruwa a gabanka. Da JPEG tana wuce 30 kafin ta gaji. Don haka wurin gudu, ko masunta ko sukuwar dawaki, JPEG babba nake sawa, saurin shota 1/1000 na daƙiƙa ko sama, lensi 55-250 wanda ƙarshenshi ke aiki kamar 400, in an natsu an fara auna kifi ana ɗaukar fuskoki sai in mai da ta RAW. Wani masunci da na tambaya kafin in ɗauke shi ya ce "ɗauka ɗan'uwa, amma ka aiko mani in gani", kuma tambayar nan ta zame mani ƙa'ida ko ina, kasuwa ko ƙauye, mata kam ba na ko ɗaga kyamara sai da izinin su da na masu gida. Da yanayin tsaron da ake ciki baƙo da babbar kyamara abin a tsaya a tambaye shi ne, gara ka fara gaida mai unguwa ko sarkin kasuwa ka faɗi abin da ya kawo ka.

Sauran lokuta RAW da JPEG tare nake sawa, kyamarar tana rubuta duka biyu a danna ɗaya. JPEG ɗin na masu gaggawa ne, don biki ba a watse ba za a fara kira ana cewa turo, RAW ɗin kuma na waɗanda zan zauna in gyara. Kuɗin wannan shi ne wuri, RAW ɗaya wajen megabait 25, JPEG wajen 6 ko 7, memorin giga 32 yana ɗaukar wajen dubu in an haɗa su. Manhajar gyara ban saya ba, Canon tana ba da tata kyauta mai suna Digital Photo Professional, da ita na fara don kalarta tana fitowa daidai da ta kyamara, daga baya na koyi darktable ita ma kyauta ce kuma ba ta buƙatar data, sai dai tana da wuyar sabo kuma tana wahalar da tsohuwar laftof. Abin da na so a duka biyun shi ne ba su taɓa ainihin hoton, gyaran a matsayin umarni yake zama, ko bayan shekara kana iya mai da shi yadda yake ka sake sabo. JPEG kuwa duk sanda ka buɗe ka gyara ka sake ajewa a kanshi sai ya ƙara matsewa ya ƙara lalacewa, kwafe shi daga memori zuwa filash dai ba ya rage mishi komai.

Sai fitarwa, wanda nan ne wahalar mutane da yawa ke zubewa. Ka gyara hoto tsaf ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, ita kuma ta rage mishi girma ta matse shi, wancan ya tura ma wani, a ƙarshe a kai ma mai wanki a ce ya yi babban firem, ya fito fuska duk ta farfashe a ce mai hoto bai iya ba. Ko zaɓin HD da sunka ƙara a 2023 yana matsewa. In don wanki ne a tura shi a matsayin dokumen, ko a kai a filash. Ni kashi biyu nake fitarwa, na Facebook da waya in rage dogon gefen zuwa fiksel 2048 ya yi sauƙin data, na wanki in bar shi cikakke 5184 da 3456, wanda a ɗigo 300 kowane inci zai ba ka wajen inci 17 da 11 tas, kuma ya fi haka ma in daga nesa za a kalla. Tsarin kalar a bar shi sRGB, in ka sa Adobe RGB ka kai inda injinsu bai san da ita ba sai hoton ya fito a kwaɗe. TIFF na gwada, ba ya rage inganci amma guda ɗaya yana iya haura megabait 100 kuma masu wankin da nake kai ma JPEG suke so. PNG na masu tambari da rubutu ne, ba shi da amfani ga hoton mutum sai cin wuri. Masu iPhone kuma tun 2017 wayarsu HEIC take ajewa, ƙanwata ta sha kai hoto shago tsohuwar kwamfutarsu ta ƙi buɗewa, sai da munka shiga saitin kyamara wurin Formats munka mai da shi Most Compatible sannan ta koma JPEG.

Ajiya ita ce ta ƙarshe kuma ba na wasa da ita. Ina dawowa nake kwashe memori zuwa laftof cikin folda mai shekara da wata da sunan wuri, in zauna in goge waɗanda ba su yi ba tun da zafi don RAW ba ya barin wuri, sannan in kwafe sauran zuwa had dis na waje, kuma ba na share memori sai na ga hoton a wuri biyu. Sharewar ma a cikin kyamara nake yin fomat, ba a kwamfuta ba. Waɗanda sunka fi muhimmanci, na tsofaffin gidanmu musamman, nakan ɗora JPEG ɗinsu a Google Drive da daddare in data ta yi arha, giga 15 ɗin da suke bayarwa kyauta RAW zai cinye shi nan da nan shi ya sa JPEG kawai nake kaiwa can, kuma ina wanke wasu a takarda in ba Inna ta sa cikin akwatinta. Had dis na biyu shi ne abin da nake tara ma kuɗi yanzu kafin kowane sabon lensi, in ya samu gidan yayana da ke Gwandu zai zauna, duk sanda na je in sabunta shi.